UMARU GANDA (1935–1981): ƊAN DAKON DA YA ARI SUNAN ƊAN WASAN AMURKA

Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi da sassafe daga Titin Sama a birnin Sakkwato, ya bi ta Illela ya ƙetare iyaka zuwa Birnin Ƙonni, sa'an nan ya miƙa yamma ta Dogon Dutse da Dosso, to, in Allah ya kiyaye hanya, a Yamai zai kwana, babban birnin Jumhuriyar Nijar. Tafiyar ba ta wuce kilomita 500 da 'yan kai ba. Amma duk da wannan kusanci, da kuma daɗaɗɗen zumuncin da ke tsakanin Hausawa da Zabarmawa ta fuskar ciniki da malanta da auratayya, ba kasafai akan ji sunan Umaru Ganda a bakin ɗaliban da ke nazarin wasan kwaikwayo a wannan ɓangare na iyaka ba. Alhali kuwa shi ne mutum na farko da ya taɓa cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu, shekara 18 kafin a fitar da fim ɗin bidiyo na farko na Hausa a Kano.

Umaru Ganda, ko Oumarou Ganda yadda Faransawa ke rubutawa, ya yi soja, ya yi dako, ya yi wasan silima, daga bisani ya zama mai tsara finafinai da kansa. Abin da ya fi ɗaukar hankali a tarihinsa shi ne, lokacin da duniya ta fara ganinsa a majigi, da sunan wani ɗan wasan Amurka ta gan shi, watau Edward G. Robinson. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun rayuwarsa, ta nuna yadda ya fara da sunan aro da na'urar wani, da yadda ya ƙare yana ba da labarin mutanensa da harshensu, a ƙarƙashin sunan da iyayensa suka raɗa masa.

Haihuwarsa da Shigarsa Soja

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935, kuma Bazabarme ne. A wancan lokaci Yamai ƙaramin gari ne a bakin Kogin Kwara, domin a 1926 ne Turawan mulkin mallaka na Faransa suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Damagaram suka mayar da ita can. A nan Umaru ya yi karatun firamare, wanda shi ne iyakacin abin da ya samu na ilmin boko a aji. A ƙasar da makarantun gaba da firamare ba su taka kara sun karya ba, yaron da ya iya ɗan karatu da Faransanci hanyoyi kaɗan ne a gabansa: ko ya sami aikin malanta a ofis, ko ya tafi cin rani, ko ya sa kaki.

Umaru ya zaɓi kaki. A 1951, yana da shekara 16, ya shiga rundunar da Faransa ke turawa Gabas Mai Nisa. A lokacin Faransa tana cikin yaƙin da ta fara tun 1946 da mutanen Indoshin, watau ƙasashen da yau ake kira Biyetnam da Lawos da Kambodiya, waɗanda ke neman 'yancin kansu a ƙarƙashin jagorancin Ho Chi Minh. Dubban samari daga Afirka ta Yamma da ta Arewa aka kwasa zuwa wannan yaƙi, aka sa waɗanda ake mulka su yaƙi waɗanda ke ƙoƙarin kuɓuta daga irin mulkin da ake yi musu. Umaru ya yi shekara biyu a can. A ran 7 ga watan Mayu 1954 sansanin Faransa na Diyen Biyen Fu ya faɗi, a watan Yuli kuma aka ƙulla yarjejeniyar Janiba wadda ta kawo ƙarshen mulkin Faransa a yankin. A 1955 aka sallami Umaru, ya komo gida yana ɗan shekara 20, ya ga mutuwa da idonsa, ba shi da sana'a, yaƙin da ya yi kuwa an sha kashi a cikinsa.

Cin Rani a Abijan

Da ya nemi aiki a Yamai bai samu ba, sai ya bi hanyar da samarin Nijar suka saba bi, ya gangara kurmi. Tun da daɗewa Zabarmawa da Hausawa da Adarawa ke zuwa cin rani Kumasi da Ankara, amma a waɗannan shekaru sai Abijan, babban birnin Kwaddibuwa na lokacin, ta zama sabuwar matattara. Dalili kuwa shi ne, a 1950 aka gama haƙa mashigin Biridi wanda ya haɗa tafkin Abijan da teku, a 1951 aka buɗe tashar jiragen ruwa, manyan jirage suka fara shigowa har cikin gari suna ɗaukar koko da gahawa da katako. Kowane buhu sai an sami kan da zai ɗauke shi. Umaru ya sauka a unguwar Treichville, inda baƙi ke zama, ya shiga layin leburorin da kan taru kowace safiya a ƙofar tasha suna jiran a ɗauke su aikin yini.

A can ya gamu da Jean Rouch, wani Bafaranshe da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya koma nazarin al'adun Songhai da Zabarmawa yana ɗaukar su a fim. A lokacin Rouch yana binciken yadda mutanen arewa ke ƙaura zuwa biranen gaɓar teku, yana kuwa bukatar samarin da suka iya rubutu, suka kuma san harsunan baƙin. Ya ɗauki Umaru aikin tattara bayanai da ƙididdiga a tsakanin 'yan cin rani. Daga nan sai shawara ta zo ta a yi fim a kan rayuwar samarin Treichville, su da kansu su fito a ciki.

Mai Sunan na Asali

Kafin a shiga batun wannan fim, ya kamata a san wanda Umaru ya ari sunansa. A wancan zamani kamfanoni biyu na Faransa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da kusan dukkan gidajen silima na ƙasashen Afirka rainon Faransa, abin da suke kawowa kuwa finafinan kaboyi ne da na 'yan fashi daga Amurka, da na Faransa, da na Indiya da Masar. Lebura in ya tashi aiki ya sami 'yan kuɗin shiga, a silima yake mance wahalar yini. Saboda haka samari suka riƙa laƙaba wa junansu sunayen taurarin da suke gani, kamar yadda aka yi a Kano da Kaduna da Sakkwato a zamanin da finafinan Indiya da na kaboyi suka cika gari.

Edward G. Robinson yana daga cikin waɗannan taurari. An haife shi a Bukares ta ƙasar Romaniya ran 12 ga Disamba 1893, a gidan Yahudawa, sunansa na yanka kuwa Emanuel Goldenberg. Tsangwamar da ake yi wa Yahudawa ta sa iyayensa suka yi ƙaura, ya sauka a birnin Niyok a 1904 yana ɗan shekara 10. Da ya shiga wasan kwaikwayo sai ya sauya suna, ya ɗauki wanda zai fi sauƙi a bakin Amurkawa. Gajere ne, mai faɗin fuska da kakkausar murya. Fim ɗin Little Caesar na 1931, inda ya fito a matsayin ɗan ta'addar da ya taso daga tsiya ya mallaki gari sa'an nan ya faɗi, shi ya fito da shi, daga nan aka san shi da irin wannan matsayi. Ya yi finafinai sama da 100, ciki har da Double Indemnity a 1944 da Key Largo a 1948, ya kuma fito a wasannin talabijin. A farkon shekarun 1950 aka zarge shi da kusanci da 'yan gurguzu, ya bayyana gaban kwamitin majalisar Amurka, manyan kamfanoni suka yi ta ja da baya da shi na wasu shekaru. Ya rasu ran 26 ga Janairu 1973, watanni biyu kafin a miƙa kyautar Oscar ta girmamawa da aka ba shi.

Ashe ke nan sunan da ɗan dakon Abijan ya ara, shi ma mai shi aro ya yi. Baƙo ne ya sauya suna don ya sami shiga a Amurka, wani baƙon kuma ya ɗauki sunan don ya sami abin fakewa a Treichville.

Moi, un noir

An ɗauki fim ɗin a 1957, ya fito a 1958 da sunan Moi, un noir, ma'ana Ni, Baƙar Fata. Rouch ya yi amfani da ƙaramar kyamara ta hannu da fim mai launi, amma ba shi da na'urar da za ta ɗauki murya tare da hoto. Saboda haka sai da aka gama haɗa hotunan, sa'an nan aka zaunar da Umaru a gaban majigi, yana kallon kansa yana magana da ka, ba tare da rubutu ba. Wannan ƙarancin kayan aiki shi ya zama ƙarfin fim ɗin. Muryar da mai kallo ya fi ji a fim ɗin ta Umaru ce: wani lokaci yana bayani, wani lokaci yana ba'a, wani lokaci yana kuka da talauci, wani lokaci yana mafarki a farke. Tun a farko ya shaida wa mai kallo cewa abokansa ne suka sa masa Robinson don sun ce ya yi kama da shi, kuma ba zai faɗi sunansa na gaskiya ba domin shi baƙo ne a Abijan.

Fim ɗin ya bi rayuwar samarin cikin mako guda. Akwai Petit Touré wanda ya fito da sunan Eddie Constantine, ɗan wasan da aka haifa a Amurka ya yi suna a Faransa; akwai Alassane Maiga, direban tasi da ake kira Tarzan; akwai kuma budurwar da ake kira Dorothy Lamour, sunan wata 'yar wasan Amurka. Ranakun aiki ana ganin Robinson yana jiran a ɗauke shi dako, yana cin abincin bakin titi, yana barci a gefen hanya da tsakar rana. Ran Asabar su tafi bakin teku da gidan rawa, inda yake ganin kansa a mafarki ya zama zakaran damben duniya, ya haɗa sunansa da na Sugar Ray Robinson. Ran Lahadi ana bikin rawa na ƙungiyar samari. Da gari ya waye ran Litinin, ya je ƙofar Dorothy ya iske wani Bature ɗan Italiya, ma'aikacin jirgin ruwa, ya kwana a ɗakin. Suka kama faɗa cikin taɓo, Robinson ya sha duka. Abokinsa Eddie kuma aka ɗaure shi wata uku saboda faɗa da ɗan sanda. A ƙarshe ana ganin Robinson yana tafe a bakin tafki tare da wani yaro, yana kwatanta masa yaƙin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana tashi, yana jifa da gurnetin da babu shi a hannunsa.

Fim ɗin ya sami kyautar Louis Delluc ta 1958 a Faransa. Samarin masu sharhi irin su Jean-Luc Godard, waɗanda ke shirin kawo sabon salo a silimar Faransa, sun yaba shi ƙwarai, masana kuma sun nuna tasirinsa a kan fim ɗin Godard na farko da ya fito a 1960. Sai dai yabon kusan duk ga Rouch ya tafi. Wanda rayuwarsa ce aka ɗauka, wanda kuma bakinsa ne ya ƙago maganar da ta riƙe fim ɗin, ana ambatonsa ne a matsayin lebura mai baiwa da aka yi sa'ar samu. Ba Umaru kaɗai abin ya shafa ba. A 1965 Usman Sembene na Senegal ya gaya wa Rouch ido da ido cewa masu irin aikinsa suna kallon 'yan Afirka yadda ake kallon ƙwari. Ko da yake Umaru bai yanke hulɗa da Rouch ba, har ma ya fito a fim ɗinsa Babatu na 1976, aikin da ya sa a gaba bayan komowarsa gida ya nuna ya fahimci cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Komowa Gida da Fim na Farko

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960 a ƙarƙashin Shugaba Diori Hamani. Umaru ya komo Yamai, ya kama aiki a cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar, wadda daga baya aka sa wa sunan Jean Rouch. A cibiyar akwai ƙungiyar masu sha'awar silima, inda ake koya wa samari sarrafa kyamara da haɗa fim. Daga wannan zango ne Nijar ta fitar da mutane irin su Mustafa Alasan, wanda ya yi fim ɗin Aouré tun 1962, da Inusa Usaini da Jingare Maiga. Umaru ya yi aiki a matsayin mataimakin ma'aikacin fasaha yana koyo, har zuwa 1968, lokacin da ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim. Labarin da ya rubuta shi ya zama Cabascabo.

Cabascabo fim ne marar launi, na kimanin minti 45, da Zabarmanci, Umaru ne ya tsara shi, shi ne kuma ya fito a matsayin jarumin. Labarin wani tsohon soja ne da ya komo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Aka tarye shi da murna, abokai da maroƙa da matan gari suka kewaye shi, yana ba su labarin yaƙi yana ɓarin kuɗi. Da aljihu ya bushe, sai kowa ya watse. Ya shiga neman aiki, ya iske girman da yake ji da shi na soja ba ya da wani amfani a wurin masu ɗaukar lebura. Bayan wulaƙanci iri-iri, ya haƙura da birni ya nufi karkara don ya ci da guminsa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Wanda ya kalli finafinan biyu zai ga cewa abin da aka taƙaita cikin 'yan mintoci a ƙarshen Moi, un noir shi ne Umaru ya buɗe ya mayar da shi fim sukutum. A na farko yaƙin Indoshin wasa ne da wani lebura ke yi wa yaro da Faransanci. A na biyu ya zama tambaya da ake yi wa al'umma da harshenta: me aka tanadar wa yaran da aka tura yaƙin wani, kuma wane irin zumunci ne wanda ke ƙarewa ranar da kuɗi suka ƙare? An nuna Cabascabo a bikin Cannes na 1969, a sashen masu sharhi, ya kuma sami lambar yabo a bikin Mosko a wannan shekara. Ya fito ne daidai lokacin da Sembene ya fitar da Mandabi da harshen Wolof a 1968, don haka yana cikin finafinan farko da 'yan Afirka ta Yamma suka yi da harsunansu.

Le Wazzou polygame

Fim na biyu, wanda ya yi a 1970, mai launi ne, sunansa Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ita ce wa'azi, wadda Zabarmanci da Hausa duk suka aro daga Larabci. A nan Umaru ya bar batun Turawa ya juyo cikin gida. Wani mai hali ya komo daga Makka da laƙabin Alhaji, yana da mata biyu, sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya, Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Dukiya da girman Alhaji suka rinjayi iyaye, aka fasa alkawari, Garba ya bar gari cikin baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, kishi ya rufe mata ido, ta ƙudura kashe amarya a daren biki, amma cikin duhu ta kashe ɗaya daga cikin ƙawayen amarya.

Ɗalibin adabin Hausa zai gane wannan jigo nan take, domin auren dole da kishi da fin ƙarfin mai kuɗi su ne suka cika littattafan soyayya da finafinan Kano daga shekarun 1980 zuwa gaba. Abin lura shi ne inda Umaru ya ɗora laifi. Bai tsaya ga kishiyar da ta yi kisa ba. Ya koma ga mutumin da ya mayar da aikin hajji tsanin biyan bukatarsa, da iyayen da suka sayar da maganarsu. Zalika Sule ce ta fito a matsayin Gaika. Ita ce mace ta farko da ta yi suna a silimar Nijar, ta kuma sha tsangwama daga masu kallon da ba su bambanta halin da ta fito da shi da halinta na gaskiya ba, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗin tarihinta na 2004. Zalika ta rasu a 2021.

An kafa bikin finafinai na Wagadugu, wanda aka sani da FESPACO, a 1969, a ƙasar da a lokacin ake kira Volta ta Sama, yau Burkina Faso. Sai a 1972 aka fara gasa, aka ƙirƙiro babbar kyauta mai suna Ingarman Yennenga, don tunawa da gimbiyar da Mosawa ke ɗauka kakarsu ce. Le Wazzou polygame ne ya fara cin ta. Shekara 15 ke nan bayan da mai fim ɗin yake layin dako a tashar Abijan.

Sauran Ayyukansa

A 1972 ya yi Saïtane, watau Shaiɗan, inda shi da kansa ya fito a matsayin wani malamin tsibbu a ƙauye, wanda mutane suka amince da shi, shi kuwa ya zama kawali tsakanin wata matar aure da wani mai kuɗi. A ƙasar da malami ke da girma irin na Nijar, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutum ya fito da irin wannan labari, ya kuma ɗauki matsayin mugun da kansa. Umaru bai soki addini ba. Masu fakewa da shi don cin dukiyar talakawa ya tona, abin da malaman jihadi na Sakkwato suka yi a rubuce-rubucensu tun farkon ƙarni na 19.

Fim ɗinsa na ƙarshe kuma mafi tsawo shi ne L'Exilé na 1980, ma'ana Ɗan Gudun Hijira. Ya gina shi ne a kan tatsuniya. Wani jakadan Afirka da ya bar muƙaminsa yana zaune a Turai yake ba abokansa labarin wani sarki da ya ji wasu samari biyu 'yan'uwa suna cewa za su ba da kawunansu in za a aura musu 'ya'yansa. Sarki ya aura musu, bayan shekara ya nemi a cika alkawari. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarsa, ya sha gwagwarmaya a ƙasashe har ya zama sarki, amma a ƙarshe bai tsira daga nauyin magana ba, ya ba da ransa don mutanensa. Jigon shi ne alkawari kaya ne, kuma a da maganar mutum ita ce takardarsa. Fim ɗin ya fito shekara shida bayan juyin mulkin da Seyni Kunce ya yi ran 15 ga Afrilu 1974, a zamanin da alkawuran 'yancin kai suka zama abin tambaya a ƙasashen Afirka da dama. Ta haka wanda ya fara da kwaikwayon ɗan ta'addar Amurka ya ƙare da tsarin gatanan gatananku.

Ba cikin sauƙi aka yi waɗannan ayyuka ba. Nijar ba ta da wurin wanke fim, sai an aika da abin da aka ɗauka Faransa, a can ake wankewa a haɗa. Kuɗin aiki yawanci daga ofishin taimakon Faransa ko daga gwamnati suke fitowa, gidajen silima kuma sun fi son kayan waje masu arha. Wannan ya sa cikin shekara 12 manyan finafinai huɗu kawai ya samu ya yi, ban da wasu gajeru na tarihi da al'ada. A Nijeriya ma haka abin yake: fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa bai sami 'yan'uwa da yawa ba, sai da na'urar bidiyo ta zo ta rage tsada, aka yi Turmin Danya a Kano a 1990.

Rasuwarsa

Umaru Ganda ya rasu a Yamai ran 1 ga Janairu 1981 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45, yana cikin shirin wani sabon aiki. Gwamnatin Nijar ta sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai, bikin FESPACO kuma ya ware kyauta da sunansa wadda ake ba wanda fim ɗinsa na farko ya yi fice. Jean Rouch ya rayu shekara 23 bayansa, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ran 18 ga Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai.

Kammalawa

An ga yadda Umaru Ganda ya taso daga makarantar firamare ta Yamai zuwa fagen yaƙi a Indoshin, daga nan zuwa tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda ya shiga silima da sunan Edward G. Robinson. An kuma ga yadda ya komo gida ya koyi sana'ar, ya yi finafinai huɗu da suka taɓo tsohon soja, da auren dole, da malamin tsibbu, da nauyin alkawari. Aron da ya yi ba abin kunya ba ne, domin ta nan ya sami ƙofa, kuma kowane adabi da aro yake farawa. Abin koyi a rayuwarsa shi ne bai zauna cikin aron ba. Har yau ana muhawara a kan yawan abin da finafinan Hausa suka ɗauko daga Indiya da Amurka, ana tambayar ko akwai wata hanya. Ɗalibin da ke son amsa zai same ta a ayyukan wannan Bazabarme, wanda ya tabbatar tun 1969 cewa labarin gida da harshen gida suna iya kai fim har Cannes da Mosko. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Allah ya jiƙan Umaru Ganda, ya gafarta masa, amin.